Munduwar da Na Auna Sau Uku

Shekara tara na yi ina koyar da kimiyya a wata sakandare kafin in ajiye alli in koma kasuwar Jibiya da sikeli. Dalilin ba mai tsawo ba ne. Albashi ba ya kai mu tsakiyar wata, ga shi a lokacin zinari ya fara yawo a hannun mutane. Samari suna dawowa daga ramukan haƙa, wasu daga yamma da mu, wasu daga can ƙuryar arewacin Nijar, kowa da ɗan curin narkakken gwal ƙulle a leda cikin aljihun wando. Mai saye yana tsoron a cuce shi, mai sayarwa yana tsoron a danne shi. Na duba na ga abin da suke nema duka shi ne darasin da nake yi wa 'yan aji huɗu suna gyangyaɗi. Sai na kama 'yar rumfa a layin maƙera. Kayan aikina ba su cika jaka ba: ƙaramin sikeli mai batir, tambulan na gilashi, zare, da kalkuleta.

Aikin kansa ba shi da wuya. Ka ɗora abu a kan sikeli ka ga nauyinsa. Ka sauke, ka ɗora tambulan da ruwa, ka danna sikelin ya koma sifili. Sai ka ɗaure abin da zare ka zura shi a hankali har ruwa ya rufe shi, amma kada ya taɓa gindin tambulan ko gefe. Lambar da ta fito ita ce nauyin ruwan da abin ya ture ya zauna a gurbinsa, wato girman jikinsa ke nan. Ka raba lambar farko da ta biyu. Zinari tsantsa yana ba da sha tara da 'yar ɗoriya, na ado mai kyau wajen sha bakwai, azurfa goma da rabi, tagulla takwas da rabi. Mutanen Nijar suna ce wa wannan lamba dansite. Mu nan awon ruwa muke cewa, ni kuma aka koma kirana malam mai awo.

Maƙwabcina a layin wani tsoho ne maƙerin fari, wanda ya isa ya haifi ubana. Shi da baƙin dutse yake gwaji. Ya goga ƙarfe a kai, ya ɗiga asid a kan zanen, ya ƙanƙance ido kamar mai duban wata. Kullum muna tsokanar juna. In ce masa, "Baba, dutsen nan naka fata kawai yake gani." Ya ce, "Ɗan boko, randa batirinka yam mutu sai ka taho in ara maka ido." Sau biyu aka kawo curin tagulla da aka yi wa wankan gwal mai kauri, dutsensa ya ce zinari ne, ruwana ya ce ƙarya ne, aka fasa aka ga ni ke da gaskiya. Daga nan kasuwa ta juyo wurina. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Na kai matsayin da ba na ɗaga ido in dubi mai kaya idan zan faɗi sakamako, kuma ina jin haushin duk wanda ya ce in sake awo. Ban taɓa tsayawa na lura cewa duk abin da ke shiga tambulan ɗina curi ne, ko zobe, ko sarƙa ba.

A tashar motocin Maraɗi da ke nan Jibiya akwai wani direba da kowa ya sani. Mutumin Maraɗi ne, dogo, mai ƙarancin magana, yana jan wata tsohuwar mota mai dogon baya wadda ba tasa ba. Fasinja yana ɗauka, amma abin da ke riƙe da gidansa saƙo ne. Wanda bai zauna bakin iyaka ba ba zai gane girman saƙo a wurinmu ba. Rabin dangin mutum suna wancan gefe. Uwa tana Maraɗi, 'ya tana aure a Mazanya, ga magani za a aika, ga atamfar suna, ga takardun makaranta. Ba rasit, ba sa hannu. Ka miƙa wa direba ƙunshi, ka faɗi wanda za a ba, ya sa a aljihu ko ƙarƙashin kujera, shi ke nan. Direban da aka taɓa jin ya kwance ƙullin saƙo ya gama aiki a wannan hanya, ko da bai ɗauki komai ba. Wannan mutumin ya fi shekara goma sha biyar yana yi, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ni kaina ya sha kawo wa matata magani daga can.

Wata ranar kasuwa cikin bazara, zafi ya kai zafi, hadari ya fara leƙowa daga gabas, wata mata daga Daddara ta zo rumfata tare da ƙanin mijinta. Ɓarayin daji sun kore musu shanun huɗa, ga damina a bakin ƙofa. Uwarta da ke Maraɗi ta ji labari, ta buɗe kwalla ta ɗauko munduwar zinarin da take ajiye da ita tun tana amarya, ta ce a kai wa 'yarta ta sayar su maye gurbin shanun. Direban nan aka ba saƙon. Matar ta kwance tsumman a kan teburina da hannu biyu. Munduwa ce guda ɗaya mai kaurin fensir, an yi mata zane a jiki, launinta ja-ja mai kyau.

Na ɗora a sikeli, giram arba'in da shida. Na zura a ruwa, biyar da ɗigo huɗu. Na danna kalkuleta, ta ba ni takwas da rabi.

"Tagulla ce," na ce, ina kwance zarena. "An dai yi mata wanka mai kyau."

Matar ta dubi munduwar kamar ba da ita nake ba. Can ta ce, "Malam, duba dai da kyau. Ta innata ta. Tun ban zo duniya ba take gare ta."

"Baiwar Allah, ba ni na ce ba, ruwa ne ya ce."

Ƙanin mijin gajere ne mai saurin hawa. Nan take ya kira tsohuwar a waya, ya buɗe murya kowa yana ji. Tsohuwa ta rantse, ta ƙara rantsewa, ta ce marigayi mijinta ne ya sayo munduwar a hannun wani maƙerin Agadas, zinari ce tun asali, ba ta taɓa barin kwallarta ba sai ranar da ta ba direba. Ya ce, "Inna, wace rana kinka ba shi?" Ta ce Laraba. Ya kashe wayar ya dube mu. "Mu kuwa sai jiya Assabar yak kawo muna." Sannan ya juya ga matar wansa ya tambaye ta ko ita ce munduwar da ta sani. Rabonta da ganinta tun ranar da aka kai ta ɗakin miji. Ta juya ta a hannu, ta juya, idonta ya cika da ƙwalla, ta ce, "Kamar ita ta, kamar kuma ba ita ba."

Aka aika tasha a kira direba. Ya zo da tsumman goge hannu a kafaɗa, yana gaisawa da mutane a hanya, don wanda aka aika bai gaya masa dalili ba. Har ya miƙo mini hannu yana tambayar mutanen gida, ƙanin mijin ya sha gabansa.

"Ina munduwar da anka ba ka?"

"Ga ta nan gaban malam."

"Wagga tagulla ta. Kwana ukku tana hannunka. Ina kak kai ta zinarin?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa na ɗan lokaci, kamar bai san inda zai ajiye shi ba. Sannan ya fara bayani a hankali. Mota ce ta lalace masa a Ɗan Isa, kwana biyu yana jiran a kawo kayan gyara daga Maraɗi. Tsohuwar ta gaya masa abin da ke cikin ƙunshin, shi ya sa ya sa shi a aljihun rigarsa ta ciki, ko wanka bai yarda ya tuɓe ta ba har ya iso. Kafin ya gama mutane sun cika bakin rumfar. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce maƙeran Maraɗi kwana biyu ya ishe su su ƙera irinta sak. Aka yi ta gyaɗa kai.

Direban bai kula shi ba. Ni ya duba. "Malam, don Allah sake awnawa."

Na sake, ina tsaki a raina. Takwas da rabi.

"Ko ruwan na?" ya ce. Ya fita da sauri, ya sayo ruwan leda biyu, ya zubar da nawa, ya ɗauraye tambulan da hannunsa, ya cika. Ya ce in bar shi ya riƙe zaren da kansa. Na bar shi. Hannun da ke riƙe sitiyari shekara da shekaru ya kasa riƙe zare. Rawa yake yi, munduwar tana bugun gilashi ƙal, ƙal, ƙal, lambar sikeli tana hawa tana sauka. Na ce, "Kawo, kana ɓata mana lokaci." Na karɓa, ruwa ya natsu, lamba ta tsaya inda ta tsaya ɗazu. Na juya masa fuskar kalkuleta ya gani, ko da yake na san ba zai gane abin da yake gani ba.

A nan ne tsohon maƙerin ya taso daga bakin maƙerarsa. Ya ɗauki munduwar, ya jinjina ta a tafin hannu, ya goga a dutsensa, ya ɗiga asid. Zanen bai goge ba. Ya ce, "Ni dai ga dutsena gwal na."

"Wanka ne, Baba. Mun sha yi da kai."

"To a yanka ta a gani."

Ƙanin mijin ya fizge ta. Ya ce ba wanda zai taɓa ta, ita ce shaidarsu, in an yanka ta, direba zai ce su suka ɓata ta. Da na sa baki na ce a yanka, da an yanka, don a ranar maganata ce ke tafiya a layin nan. Amma sai na ji kamar tsohon yana neman ya rama kayen da na yi masa sau biyu a gaban jama'a. Na ce, "Ba sai an yanka ba, Baba. Inda zartonka zai shiga, ruwa ya riga ya shiga." Mutane suka yi dariya. Har wani ya maimaita maganar don na baya su ji. Tsohon ya dube ni, ya koma bakin maƙerarsa ya zauna.

Ba a kai maganar ga hukuma ba, shugabannin tasha aka kai wa. Direban ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Da yake babu wanda ya gan shi da ido, aka ce tunda ya rantse a bar shi da Allah. Kowa ya san abin da ake nufi idan an faɗi haka da irin wannan murya. Ba a dake shi ba, ba a kore shi ba. Saƙo ne kawai ya ɗauke. Mata su zo da ƙunshi, su wuce motarsa, su ba na bayansa. Fasinja ma suka fara rungume jakunkunansu a cinya maimakon su sa a but. Na gan shi sau ɗaya a wannan tsakani, zaune a benci ƙarƙashin dalbejiyar tasha, hannuwa tsakanin gwiwoyi. Shi ya fara gaishe ni. Na amsa sama-sama na wuce, ina jin kaina mai gaskiya. Ba a yi wata biyu ba mai motar ya karɓi makullinsa, daga nan ba a ƙara ganinsa a Jibiya ba. Mutanen Daddara kuwa da fartanya suka yi noman wannan shekara.

Na manta da shi. Wannan ita ce gaskiyar magana, kuma ba ta yi mini daɗin rubutawa. Shekara biyu na ci gaba da awona, ina cin tuwona, ina barcina.

Saura sati uku a ɗauki azumi, da hantsi, tsohon maƙerin ya leƙo rumfata ya ce, "Ɗan boko, taho ka gani." Muryarsa ba ta tsokana ba ce. Na tarar da matar Daddara zaune a kan tabarmarsa. Ta gaji da ganin munduwar a ɗaki, ta kawo masa ya yayyanka ya yi wa 'ya'yanta 'yan kunne, tunda tagulla ce. Ya sa zarto, zarto ya wuce da sauri fiye da yadda ya zata. Ya miƙo mini gutsuren biyu. Munduwar bututu ce. Cikinta cike yake da wani baƙin kaki da ya daskare, ƙarfen kuma rawaya ne tun daga waje har ciki, babu wani launi a ƙarƙashinsa.

"Ƙirar mutanen arewa ta, ta da," in ji shi. "Su kan yi ta da rami don ta yi kauri ba ta ci zinari da yawa ba. Sai su ɗura kaki don kada ta lotsa, su liƙe bakin."

Tun kafin ya rufe baki na gane. Ruwa bai taɓa shiga cikinta ba. Ruwan da ta ture, rabinsa na zinarin ne, rabinsa na ramin da kakin. Na raba nauyin zinari da girman zinari haɗe da rami, dole lamba ta faɗo, kuma da tsautsayi ta faɗo daidai kan lambar tagulla. Wannan shi ne abin da na yi shekara tara ina zanawa a allo idan ina bayyana wa yara dalilin da jirgin ruwa na ƙarfe ba ya nutsewa. Ban jahilci komai ba a ranar. Na san shi sarai, ban dai tsaya na yi tunani ba, don ina sauri in nuna wa tsoho iyakarsa.

Ya ƙone kakin, ya narkar da ƙarfen ya zama curi. Muka kai rumfata. Giram arba'in da uku, a ruwa biyu da rabi, sha bakwai da ɗoriya. Zinari ne mai kyau, irin wanda ba a cika samu ba yanzu. Matar ta dubi curin, ta dube ni, ba ta yi murna ba. Ta ce, "Malam, direban hwa?" Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da ta tafi tsohon ya ce shi ma yana da nasa kason, don tun ranar hannunsa ya gaya masa wani abu, ya bari dariyar yara ta rufe masa baki. Ya ce, "Amma kai kac ce tagulla ta, gaban jama'a. Kai za ka tahi ka janye." Na ce gobe in Allah Ya kai mu.

Goben ta zo ban je ba. Na ce sai na fara shirya yadda zan faɗa. Ranar kasuwa ta zagayo, na ce ba zan rufe rumfa a ranar ciniki ba. Aka ce hanya ba lafiya, na ji daɗin jin haka. Azumi ya shigo, na ce wa zai yi tafiya cikin wannan rana da ƙishirwa, a bari sai bayan salla. Ƙanin mijin matar ma ya fi so maganar ta mutu, tunda shi ya fi kowa ɗaga murya, saboda haka daga Daddara ba abin da ya fito. Ainihin abin kuwa tsoro ne. Duk abin da nake da shi a kasuwar nan shi ne cewa awona ba ya kuskure. Ina ganin ranar da na tsaya a tasha na ce na yi kuskure, ranar zan koma abin dariya, wanda aka ba shi aron ido.

Amma direban bai fita daga raina ba. Da rana tsaka, kasuwa cike, in zura curin wani a ruwa sai in ji ƙal, ƙal, ƙal a jikin gilashi, alhali zaren a tsaye yake cak. In ɗaga kai in ga dogon mutum da tsumma a kafaɗa yana ratsa layin, sai ya juyo in ga wani ne daban. Abin da nake aunawa sau ɗaya na koma aunawa sau huɗu, sau biyar, har mai kaya ya ce, "Malam, lahiya?" Na daina bin hanyar tasha, ina zagayawa ta wajen 'yan hatsi ko da rana tana dukana. In zauna shan ruwa da iyali, matata ta zuba mini kunu, in tuna ledar maganin da yake miƙo mini ta tagar mota, sai in ture kofin gefe. Ta tambaye ni har ta gaji. Tsohon maƙerin bai ƙara yi mini maganar ba, ya dai daina ce mini ɗan boko, ya koma ce mini malam kamar kowa, wannan kuma ya fi zagi ciwo.

Sai da salla ta wuce da sati biyu sannan na iya. Na fara da tasha. Na tsaya gaban shugabansu da direbobin da ke jiran layi, na faɗi komai, ban rage ba sai ranar da na gano. Ban ga wanda ya yi dariya ba. Shugaban ya yi salati, ya cire hula ya shafa kai, ya ce, "Mun ci amanar bawan Allah." Wasu suka ce su dama tun farko ba su yarda ba, har da wanda na tuna yana gyaɗa kai a bakin rumfata. Aka gaya mini direban yana Maraɗi, yana dako a kasuwar hatsi. Abin da na yi wata biyu da ɗoriya ina tsoro bai ɗauki minti goma ba.

Washegari da safe na shiga mota. Muka wuce Magama, muka tsallaka. A Ɗan Isa na ga rumfunan makanikai a gefen titi, tsofaffin motoci a buɗe, direbobi zaune a inuwa suna jiran kayan gyara. Kafin azahar muna Maraɗi.

Ban sha wuyar samunsa ba, tsawonsa ya nuna shi. Yana sauke buhunan gero daga wata babbar mota, kansa da girarsa sun yi fari da ƙura. Ya rame, ƙashin wuyansa ya fito. Na tsaya har ya ajiye buhun da ke kansa, na yi sallama. Ya gane ni nan take. Ya goge hannu a jikin riga ya miƙo mini, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi jikin matata. Na ce ina so mu keɓe. Muka koma bayan wata rumfa muka tsuguna.

Na faɗa masa. Na yi bayanin ramin da kakin, har ina zana masa a ƙasa da tsinke, kamar bayanin zai rage wani abu. Na ce na je tasha na faɗa a gaban kowa, shugaba ya ce ya dawo, za a nema masa mota. Na ce ya yafe mini don Allah. Ina magana hawaye suna zuba, ban damu da masu wucewa ba.

Ya daɗe yana kallon zanen da na yi a ƙasa. Sannan ya ce, "Malam, ni ai na san ban taɓa ta ba. Ba ni ad da buƙatar labarin ga ba."

Na ajiye tsinken, shi kuma ya ci gaba.

"Tsohuwata ta. Tun randa maganar ta ishe ta ba ta ƙara cin abin da nis sawo ba. Ba ta taɓa ce mini ɓarawo ba, ko sau guda. In na kai mata hatsi sai ta ce in kai ma yara, ita ta ƙoshi. In na sawo mata zane shi kwan nan cikin leda. Na rantse mata, tac ce ta ji. Amma mutane sun hwaɗa mata wani malami na yag gwada da na'ura har sau ukku, na'ura kuwa ba ta san kowa ba, balle ta yi mai ƙarya." Ya share ƙurar girarsa da bayan hannu. "Ɗakin ƙanwata tak koma. Can ta ƙare. Ran ashirin ga azumi munka kai ta."

Na yi masa ta'aziyya da bakin da ban san yadda ya buɗe ba. Ya amsa. Sai ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, kamar mai son ya cike wani gurbi a ransa.

"Yaushe kag gane, malam?"

Na ji bakina ya ce, "Satin da ya wuce."

Ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka sauko. Ya ce, "To ka gani. Allah bai nuhwa ta ji ba. Da kana da hali da ka zo, ga shi kana ganewa kat taso. Na yahe maka, malam, duniya da lahira." Ya kama hannuna ya tashe ni tsaye. Har ya ce in jira ya samo mini ruwa, na ce a'a, mota za ta bar ni. Mai hatsin yana ƙwala masa kira, ya koma ya tara kai aka ɗora masa wani buhun.

A mota na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa. Daga hantsin da na riƙe gutsuren munduwar a hannuna zuwa ranar da aka kai tsohuwarsa makwanci, kwana arba'in da ɗaya ne tana raye ina sane. Tafiyar kuma, duk da tsaye-tsayen hanya, ba ta kai mu awa biyu ba.

Ya dawo tasha daga baya, an ba shi mota, saƙo ya dawo masa. Duk ranar da ya shigo Jibiya sai ya biyo ta layinmu ya gaishe ni, wani lokaci har da tsarabar dabino. Ina karɓa, ina godiya. Har yau ban gaya masa ba.